Idan 'Yarki Ta Ce 'Yar Sanda Take Son Zama



'Yar'uwa, kafin ki yi nisa da karatu, ki ɗan tuna 'yar sanda mace ta ƙarshe da kika gani a fim, a talabijin ne ko a wayar nan da ke hannunki. Wane kaya ta saka? Da wace irin murya take magana? Tana da miji? Idan tana da shi, suna zaman lafiya? Wa ke kula da 'ya'yanta? Na san amsoshinki ba za su yi nisa da nawa ba, domin kusan abu ɗaya masu tura fim suke zuba mana a waya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Dundaye, kusa da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk wadda ta taɓa yin aikin dare ta san idan an sauko barci ba ya zuwa nan take. Ni fina-finan 'yan sanda ne ke raka ni har ido ya yi nauyi: na Indiya, na Turawa, da namu na gida. Na kalli da yawa, kuma a wurin aiki na zauna da 'yan sanda mata na gaske. Bambancin da ke tsakaninsu ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin yana shafar 'ya'yanmu fiye da yadda muke zato.

Kala uku da ake nuna mana

Ta farko ita ce 'yar rakiya. Masu kallon tashoshin Indiya sun san shirin CID, wanda aka fara a 1998, aka yi ta yi har 2018 kafin ya tsaya, daga baya ya dawo. Akwai mata a cikinsa: Dakta Tarika a ɗakin gwaji, da Purvi, da Shreya. Amma ki tambayi duk mai kallo abin da ya fi tunawa. Zai ce miki ACP Pradyuman ke warware ƙulli, Daya ke ɓalle ƙofa. Tarika kuwa an fi tuna ta da zolayar da Abhijeet ke mata, Shreya da soyayyarta da Daya. Suna cikin tawaga, amma labarin na maza ne.

Ta biyu ita ce wadda sai ta koma namiji kafin a yarda da ita. A fim ɗin Mardaani na 2014, Rani Mukerji ta fito a matsayin Shivani Shivaji Roy, jami'ar da ta bi sawun masu safarar ƙananan yara mata. Fim ne mai kyau, na kalle shi fiye da sau ɗaya. Amma sunansa kansa yana nufin jarumta irin ta maza, kuma ƙarshensa dambe ne: ta ajiye bindiga ta naushi bos da hannu. Saƙon da yarinya ke ɗauka shi ne, ƙarfin 'yar sanda yana damtsenta.

Ta uku ita ce gwana a ofis, gida kuwa a rushe. Wannan ta Turawa ce. A Ingila, shirin Prime Suspect ya fara a 1991, Helen Mirren ta fito a matsayin Jane Tennison, wadda ta fi mazan da ke ƙarƙashinta basira, suna ta yi mata zagon ƙasa. Kafin a rufe shirin a 2006 ta rasa duk wanda ta so, giya ta kama ta, ta yi ritaya ita kaɗai. Bayan shekara 30, a Amurka, aka yi Mare of Easttown a 2021: Kate Winslet ce, aure ya mutu, ɗa ya rasu, tana rigimar riƙon jika. Shekara talatin, ƙasa daban, amma kuɗin da ake cajin mace bai canja ba: idan kina son ki iya aiki, ki biya da gidanki.

A namu fina-finan na Hausa kuwa, a yawancin waɗanda na kalla, 'yan sanda sai ƙarshe suke zuwa da ankwa. Idan akwai mace a cikinsu, tana baya, aikinta ta riƙo hannun matar da aka kama ta tura ta mota. Da wuya ki ji ta yi tambaya ɗaya da ta buɗe gaskiya.

Me ya dame ni a ciki?

Kwanakin baya a wani gidan suna nan unguwarmu, ana hira a tsakar gida, aka tambayi 'yan mata abin da suke son zama. Wannan ta ce likita, waccan ta ce lauya. Wata 'yar aji uku a ƙaramar sakandare ta ce ita 'yar sandan ciki take so, mai binciken laifi. Aka kwashe da dariya. Mahaifiyarta ta tafa hannu ta ce, "Ɗiyata? Allah shi kiyaye! Wa za shi aure ta?" Wata gwaggo ta ƙara da cewa ai ana ganinsu a fim, duk ba su da kunya, ba su zaman aure. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta sake magana ba har aka watse.

A cikin matan da ke wurin, ban ga wadda ta taɓa zama da 'yar sanda mai bincike ba. Shaidarsu fim ce.

Maganar ta taɓa ni domin na san ta. Irin abin da aka riƙa faɗa wa iyayenmu ke nan game da aikin jinya: nas ba ta zaman aure, nas kwana take a waje, nas idonta ya buɗe. Da Innata ta saurari wannan, da ban shiga makarantar koyon jinya ba. Yau kuma, duk matar da aka kawo ɗakin haihuwa, tambayar farko da ita da mijinta ke yi ita ce, "Akwai mace?" Idan aka ce namiji ne ke aiki, wasu har juyawa suke yi da naƙuda. Mun hana 'ya'yanmu karatun, sannan muka zo muna neman 'ya'yan wasu. Ina tsoron hanya ɗaya muka ɗauko da aikin ɗan sanda.

Wadda na gani da idona

Ba zan faɗi asibiti ko unguwa ba, sirrin marar lafiya amana ne. Wani dare bayan isha'i aka kawo yarinya da ba ta wuce shekara goma ba. Uwarta da ƙanwar uwar na riƙe da ita, baffanta na gaba, sai ɗan sanda namiji da takarda a hannu. Mutumin bai yi mata tsawa ba, ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma yana tsaye, da kaki, baffanta na gefe, yana tambayarta me aka yi mata. Yarinyar ta ja hijabi ta rufe fuska. Mun yi namu aikin na jinya, amma kalma ɗaya ba ta fita daga bakinta ba.

Can sai ga wata sajan, babbar mace, ta sauko daga kabu-kabu da atamfa da hijabinta. Idan kin gamu da ita a kasuwa za ki ce malamar firamare ce. Ta gaida kowa, ta roƙi maza su ɗan ba ta wuri. Ta tuɓe takalmi ta zauna ƙasa, yadda kanta ya yi daidai da na yarinyar. Ta ce, "Ɗiyata, mi as sunanki?" Ta tambaye ta wa ya yi mata lalle, wace sura take a Islamiyya, ko ta ci abinci. Kusan rabin awa ba ta fito da biro ba. Ta ce mata sau biyu, "Ba ke kika yi laifi ba, kuma babu mai dukanki." Daga nan yarinyar ta fara magana a hankali, ta faɗi suna. Ba baƙo ba ne.

Ana cikin haka wayar sajan ta yi ƙara. Ɗanta ne. Na ji ta ce, "Tuwon na cikin kula, ku ci ku rufe ƙofa, babanku na hanya." Ta kashe ta ci gaba da rubutu.

Washegari ita ce ta shiga gidan. Kin san gidajenmu, an rubuta "Ba a shiga" tun daga zaure. Namiji, ko da kaki, iyakarsa ƙofar gida, ya jira abin da maigida ya ga dama ya faɗa masa. Ita kuwa ta yi sallama ta shige har ɗakin tsohuwa, ta zauna aka kawo mata ruwa, ta ji abin da matan gidan suka gani, ta karɓi kayan yarinyar kafin a wanke. Maganar ta kai gaban alƙali.

Ba ta riƙe bindiga ba, ba ta bi kowa da gudu ba. Kayan aikinta kunne ne, da haƙuri, da ƙafar da ke iya tsallake zaure. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa. Ba ina cewa duk 'yar sanda haka take ba. Na ga masu zafin da ya fi na maza, kamar yadda a cikinmu nas-nas ma akwai masu kaushin baki. Amma irin wannan sajan ɗin suna nan, kuma kyamara ba ta cika nemansu ba, domin rabin awa ana maganar lalle ba ya sayar da fim.

Waɗanda suka kusanci gaskiya

Don kada na yi rashin adalci, akwai shirye-shiryen da suka gane wannan. Law & Order: SVU na Amurka, wanda ake yi tun 1999, yana bin sashen da ke binciken fyaɗe da cin zarafin yara. Olivia Benson ta fara a matsayin mai bincike har ta kai shugabar sashen, kuma abin da aka san ta da shi shi ne zama kusa da wadda aka zalunta ta saurare ta. Mariska Hargitay, wadda ke fitowa a matsayinta, ta riƙa samun wasiƙu daga matan da abin ya faru da su a zahiri, har a 2004 ta kafa gidauniyar Joyful Heart don taimaka musu.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne Delhi Crime na 2019, da aka gina a kan fyaɗen da wasu gungu suka yi wa wata ɗaliba cikin bas a birnin Delhi a Disambar 2012. Mace ce ta jagoranci binciken na gaske, Chhaya Sharma, kuma an kama mutanen cikin 'yan kwanaki. A shirin, Shefali Shah ta fito a matsayinta da sunan Vartika. Tana da miji, tana da 'ya budurwa da suke saɓani suna shiryawa, tana gajiya, tana ba da umarni. Ta kuma ajiye wata ƙaramar jami'a mai koyon aiki a asibiti, ta zauna da yarinyar da iyayenta. Wannan ya yi kama da abin da na sani. Shirin ya ci kyautar Emmy ta duniya a 2020, wato gaskiya ma tana da kasuwa. Amma ki kalle shi ke kaɗai, ba na yara ba ne.

Idan gidanta ya girgiza, wa ya girgiza shi?

Fim yana nuna kamar halin 'yar sanda ne ke kashe aurenta. Tarihin ƙasarmu ya nuna wani abu daban. A 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya, kuma ƙa'idojin aiki na 1968 sun ɗaure su da igiyar da ba a ɗaure maza da ita ba. Ƙa'ida ta 124 ta ce 'yar sanda ba za ta yi aure ba sai ta rubuta wa kwamishina takardar neman izini, da sunan manemin da adireshinsa da sana'arsa, kuma sai ta yi shekara uku tana aiki. Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke wannan a 2012. Ƙa'ida ta 127 ta ce wadda ba ta da aure idan ta yi ciki a kore ta, ba a ce komai ba game da namiji. A 2021 aka kori wata kofur a jihar Ekiti a kan haka. A 2023 Kotun Ma'aikata ta ce korar ta saɓa doka, a 2024 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ƙa'idar.

Duk da waɗannan igiyoyi, mata sun kai sama. Farida Waziri ta kai matsayin Mataimakiyar Sufeto Janar, ta shugabanci hukumar EFCC daga 2008 zuwa 2011. Masu damuwa da sutura kuma, ku sani a 2022, zamanin Sufeto Janar Usman Alkali Baba, an amince 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hularsu. Mai bincike ma sau da yawa da kayan gida take aiki.

Awannin da fim ke tsallakewa

Nan ne nake son ki natsu, domin nan ne ƙaryar fim ke cutarwa. A talabijin, ana tsintar gashi ɗaya, a saka a kwamfuta, hoton mai laifi ya fito kafin a dawo daga talla. A nan ba haka abin yake ba. Hujja tana hannun uwa a awannin farko, kuma da hannunmu muke ɓata ta saboda kunya da ruɗewa: a yi wa yarinya wanka, a gasa ta da ruwan zafi, a wanke kaya, a yi kwana huɗu ana shawarar dangi. Ranar da aka je wurin hukuma, ko wace irin gwana ce mai binciken, an riga an share mata sawu.

Allah ya kiyaye mana zuri'a, amma idan abin ya faru da 'yarki ko ɗanki ko na maƙwabta:

Kada a yi wanka, kada a wanke kayan. A naɗe su a takarda mai tsabta, ba a leda ba, domin leda na riƙe danshi ta lalata hujja.

A tafi asibiti nan take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana shan sa kwana 28. Maganin gaggawa na hana shigar ciki yana iya aiki har kwana biyar, amma da wuri ya fi. Akwai kuma allurar rigakafin ciwon hanta da maganin sauran cututtuka.

Kada a tara jama'a ana yi wa yarinya tambayoyi, kada a saka mata magana a baki. Ki saurare ta sau ɗaya, ki yarda da ita, ki bar sauran ga masu aikin.

Ki nemi a haɗa ku da jami'a mace. Ba roƙon alfarma ba ne. Ɗaukar bayanin mata da yara yana cikin ayyukan da tun asali aka ɗauki mata dominsu.

A Sakkwato muna da Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru, wadda aka buɗe a 2020 don kula da waɗanda aka ci zarafinsu. Jihar kuma ta sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara a 2021. Doka tana nan, wurin zuwa yana nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ke ƙaranci shi ne matan da za su zauna ƙasa su yi tambaya da harshen da yarinyar ke ji.

To, idan 'yarki ta faɗa fa?

Ba zan ce miki aikin ba shi da haɗari ba. Muna jin abin da ke faruwa a gabashin jiharmu, wajen Isa da Sabon Birni. Akwai canjin wurin aiki zuwa nesa, akwai kwanan waje, akwai baƙin sunan cin hanci da ya bi kakin. Tsoron uwa yana da dalili, kuma ba kowace yarinya ce aikin ya dace da ita ba. Roƙona kawai, kada fim ya yanke miki hukunci.

Ki tambaye ta me ya burge ta. Idan bindiga ce da gudu da mota, ki gaya mata gaskiya: yawancin aikin rubutu ne da jira da sauraro. Idan kuwa ita ce yarinyar nan da ke lura da abin da kowa bai lura ba, wadda ke gane wa ya taɓa tukunya daga inda aka ajiye ludayi, wadda ƙannenta ke kai wa ƙara domin ba ta yanke hukunci sai ta ji kowa, to baiwa ce, kada a kashe ta da dariya. Akwai Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a jihar Kano, mai ba da digiri, kuma tana ɗaukar mata. Akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, akwai Sibil Difens. Jami'ar da ke maƙwabtaka da mu tana koyar da lauya da nazarin zamantakewa da kimiyyar gwaje-gwaje, duk hanyoyi ne zuwa bincike.

Idan kuna kallo tare, ki riƙa jefa mata tambaya: me ya sa matar ce ke kawo fayil, namijin ke ba da amsa? Me ya sa shi yana da iyali lafiya, ita ba ta da? Yaro da aka koya wa tambaya, allo ba ya yi masa wayo. 'Ya'yanmu maza ma su ji, domin su ne mazajen gobe da za su bar mace ta je aikin dare ko su hana.

Marubutanmu da masu shirya fim na Kano da Kaduna da Sakkwato, ga labari nan a ƙasa ba mai ɗauka: sajan mai hijabi da kabu-kabu, mai 'ya'ya huɗu, wadda ke warware abin da ya gagari ofis saboda tsohuwar gida ta yarda da ita. Ku rubuta ta, za mu saya data mu kalla.

Ke kuma 'yar'uwa, ina son jin naki. Kin taɓa hulɗa da 'yar sanda mace, yaya kuka rabu? Idan kuma ke ce 'yar sandar, ko uwarta, ko mijinki ya bar ki kina yi, ki ba mu labari yadda ake haɗa aikin da gida, domin akwai uwar da ke karanta wannan da 'yarta a gefe tana jiran amsa.

Allah ya raya mana su, ya tsare mana su.